FILIN LAFIYA: Tsatsar Da Ke Cin Mai Ciki A Ɓoye

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Filinge ya san Tabla, garin da ke cikin kwarin Dallol Boso, gaba da Baleyara, a ƙasar Tagazar. Ta nan motocin fataken Kurfai suke ratsawa da dabbobi da hatsi, ta nan kuma ma'aikatan da aka tura aiki arewa suke bi in sun samu hutu. A wannan gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, akwai wani labari da kusan kowace zuriya ta san irinsa, ko da yake ba a cika son maimaita shi ba.

Yarinya ce da cikin fari. Ciki ya kai wata takwas, an maida ta gidan iyayenta goyon ciki. Ƙafafunta sun kumbura, fuska ta cika, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Tsofaffi suka duba, suka yi murmushi, suka ce alamar tagwaye ce, ko kuwa ƙaton ɗa namiji. Tana fama da ciwon kai, amma kunyar cikin fari ta hana ta faɗi, sai da abin ya tsananta ta gaya ma ƙanwarta, ƙanwar ta kai ma miji. Mijin kuwa ba marowaci ba ne. Ran Lahadi ya je kasuwar Baleyara, ya tsaya wurin mai tallar magani, ya sayo ƙwayoyin bitamin masu launi-launi waɗanda aka ce suna wanke jini, ya haɗa da madarar gwangwani, ya aika. Bayan kwana huɗu, cikin dare, yarinya ta faɗi tana jijjiga, haƙora sun datse, idanu sun juye. Aka ce iska ce ta taɓa ta. Aka kawo hayaƙi, aka nemi a ɗura mata rubutu. Kafin a gama shawara, a samu mota, a daidaita kuɗin mai, gari ya waye. Wata akan kai ta da sauran numfashi a ceto ta, ɗan ya tafi. Wata kuwa sai dai a karɓi gaisuwar mutum biyu a rana ɗaya.

Wannan miji ya kashe kuɗinsa da kyakkyawar niyya, amma ya zuba su inda ba su da amfani. Filin wannan mako zai bayyana abin da ke faruwa cikin jikin irin wannan yarinya, da dalilin da ya sa ƙwayoyin kasuwa ba su iya tare shi, da kuma inda ya kamata kuɗi da hankalin maigida su tafi.

Sunan cutar da girmanta

Hausawa suna ce mata jijjiga, wasu su ce taune-taune. Likitoci kuwa eklamsi. Amma faɗuwar nan ƙarshen tafiya ce. Kafin ta akwai wani mataki da ake kira pire-eklamsi, watau hawan jinin da ke bayyana bayan ciki ya wuce mako 20, wajen rabin tafiya ke nan. Ana gane shi in awon tansiyo ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma aka tarar da furotin cikin fitsari, ko wata alamar da ke nuna ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa sun taɓu. In awo ya kai 16 da 11, to, lamari ya zama na gaggawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa cutar na kama kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu ciki, kuma tana halaka mata kimanin dubu 46 da jarirai kimanin dubu 500 kowace shekara a duniya. A Nijar, babban binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mata 535 suna rasuwa wajen ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa dubu 100, kuma hawan jini na daga cikin manyan dalilai, tare da zubar jini da zazzaɓin jego. Binciken ya kuma nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana yi masu aure kafin shekara 18. Wannan ya shafi batun kai tsaye, domin mai cikin fari tana sahun gaba cikin waɗanda cutar ta fi kamawa. Haka mai tagwaye, da wadda ta wuce shekara 40, da mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko tsohon hawan jini, da wadda ta taɓa yin cutar, da wadda uwarta ko ƴar'uwarta ta yi.

Daga mabiyiya take farawa

Masu garka a Dallol Boso sun san bambancin hanyar ruwa mai faɗi da matsattsiya. In hanya na da faɗi, ruwa yakan kwarara a hankali ya jiƙa fage duka. In ta matse, sai ya riƙa fita da ƙarfi yana tsartuwa, ya zo ya yanke, ya tone gindin shuka, wani gefe kuma ya bushe. Haka lamarin yake tsakanin mahaifa da mabiyiya.

A watannin farko na ciki, wasu ƙwayoyin halitta na mabiyiya sukan kutsa cikin ƙananan jijiyoyin jinin mahaifa, su cinye tsokar da ke matse su, su buɗe bakinsu har ninki huɗu ko fiye. Ta haka ne, in ciki ya tsufa, fiye da rabin lita na jini ke isa mahaifa a kowane minti ba tare da ɓarna ba. Ga matar da za ta yi pire-eklamsi, sau da yawa wannan aiki bai kammala ba. Jijiyoyin sun zauna a matse, jini na shiga mabiyiya da ƙarfi, ya ragu, ya sake dawowa. Wani lokaci kuma jijiyoyin lafiya lau suke, mabiyiyar ce ta girma ta wuce abin da ke isa gare ta, kamar yadda kan faru ga mai tagwaye. Ko ta wace hanya, mabiyiya ta shiga halin ƙunci: yanzu iskar oksijen ta yi mata ƙaranci, an jima ta zo mata da yawa. Duk wannan yana faruwa tun matar tana cikin walwalarta, tana daka, tana zuwa rijiya, babu wanda ya ga kome.

Goro, ƙarfe da ƙwai

Ɗan kasuwar goro ya san in aka fasa goro aka aje, kafin a jima launinsa ya juya. Maƙeri ya san garmar da ta kwana cikin raɓa takan yi tsatsa. Mai man shanu ta san in ya daɗe a buɗe warinsa ya canza. Abu ɗaya ne ke yin duka ukun, iskar oksijen, wadda kuma ita ce rai ba ya yi sai da ita.

Jiki yana ƙona abinci da oksijen don ya samu ƙarfi, kuma kamar wutar maƙera, wannan ƙuna na fidda tartsatsi: wasu ɓarɓashin oksijen masu zafin nama, waɗanda duk abin da suka taɓa sai sun ci shi. Allah ya yi ma jiki masu kashe wannan tartsatsi. Wasu jiki ne ke ƙera su da kansa, kamar gulutatiyon. Wasu daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E da sinadarin seleniyom. Muddin masu kashewa sun fi ƙarfin tartsatsi, lafiya ke nan. In tartsatsi ya rinjaya, sai tsatsa ta kama jiki daga ciki. Yankewar oksijen da dawowarsa a mabiyiya kuwa kamar zuga-zugi ne ga wannan wuta.

Tartsatsin na cin kitsen da ke lulluɓe ƙwayoyin halitta, yana kuma cin furotin, kuma ɓarnar furotin ta fi muni. Furotin su ne ma'aikatan jiki: wasu dako suke yi cikin jini, wasu gini, wasu kai saƙo, wasu tsaron ƙofa. Kowane ɗaya sarƙa ce doguwa da aka naɗe ta bisa wata siffa ta musamman, kuma siffar ce aikinsa, kamar yadda haƙoran mabuɗi su ne amfaninsa. Mabuɗin da ya lanƙwashe nauyinsa bai ragu ba, amma ba ya buɗe kwaɗo. Farin ƙwai ma furotin ne. Wanda ya ga yadda yake daskarewa a kasko ya san ba ya komawa ruwa har abada.

In tartsatsi ya taɓa furotin, yakan bar masa wani tabo da masana ke kira karbonil, wanda ake iya aunawa a ɗakin bincike. A 2000 da 2001, masu bincike a birnin Nijmegen na ƙasar Holan sun auna wannan tabo, suka tarar ya fi yawa cikin jini da mabiyiyar mata masu pire-eklamsi bisa ga masu cikin da ke lafiya. Kafin su, a 1996, wasu a Amurka sun ga wani tabon daban a jijiyoyin mabiyiya, wanda ke nuna tartsatsi ya haɗiye wata iska da jijiyoyin jini ke fiddawa don su saki jiki. In wannan iska ta ƙare, jijiya ta ɗaure, jini ya hau.

Mabiyiyar da ke cikin ƙunci ba ta shan wahala ita kaɗai. Tana zubo tarkace da wasu sinadarai cikin jinin uwa. A 2003, ƙungiyar likita Ananth Karumanchi a birnin Boston ta gano ɗaya daga cikinsu, wani furotin da ke kame abincin da fatar cikin jijiyoyi ke rayuwa da shi. Da aka sa ɓeraye masu ciki suka riƙa fidda shi da yawa, jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu. Ta haka ciwon da ya fara a wuri ɗaya yake game jiki. Jijiyoyi sun fara yoyo, ruwa ya fita cikin nama, ga kumburi. Hanta ta kumbura, ga ciwo ƙarƙashin haƙarƙari na dama. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga ciwon kai, ga walƙiya a idanu, daga nan sai jijjiga. Ɗan da ke ciki kuwa abincinsa ya ragu, ya ƙi girma, ko mabiyiya ta ɓamɓare kafin lokaci.

Shaidar fitsari

Ƙoda rariya ce mai tace jini, tana barin ruwa da datti su wuce, tana riƙe furotin. In tsatsa ta kama ta, ramukan rariya sun buɗe, furotin ya zube cikin fitsari. Tun 1843 wani likita mai suna John Lever, a asibitin Guy's na Landan, ya lura da haka ga mata masu jijjiga. A da, sai a dafa fitsarin cikin ƴar kwalba, in ya yi gajimare kamar farin ƙwai an gane. Yau wani ɗan tsinken takarda ake tsomawa, cikin minti ɗaya launinsa ya ba da amsa.

A 2014 wata likita a Amurka, Irina Buhimschi, da abokan aikinta suka ƙara gano wani abu: furotin ɗin da ke fita a fitsarin waɗannan mata har da lanƙwasassu, waɗanda suka rasa siffarsu suka dunƙule da juna. Irin waɗannan dunƙulen suna kama wani jan rini da Jamusawa suka haɗa a 1883 don rina tufafi, wanda aka laƙaba ma sunan Kwango. Daga nan aka ƙirƙiro awon takarda mai sauƙi: a gauraya fitsari da rinin a ɗiga, in jan ya bazu akwai lalataccen furotin. Wannan awo bai zama na yau da kullum ba a gidajen likita, amma ya tabbatar da cewa fitsarin mai ciki shaida ne da ba ya ƙarya, in an tambaye shi.

Bitamin ya ba da kunya

Mai karatu zai ce, in tsatsa ce, ai sai a ba mai ciki masu kashe tsatsa. Manyan likitocin duniya ma haka suka yi zato. A 1999 wani ƙaramin gwaji a Landan, kan mata 283, ya nuna kamar bitamin C da E suna rage cutar, aka yi ta murna. Da aka sake gwajin a Ingila kan mata fiye da 2.400, sakamakon da ya fito a 2006 ya kashe ma kowa jiki: kashi 15 cikin 100 na masu shan bitamin sun yi cutar, kashi 16 na waɗanda ba su sha ba, watau babu bambanci, kuma jarirai marasa nauyi sun fi yawa wajen masu sha, kashi 28 a kan 24. Aka ce wataƙila don Turawa ƙosassu ne. OMS ta kai gwajin Indiya, Peru, Afirka ta Kudu da Biyetnam, wurin matan da abinci bai wadace su ba. A 2009 amsa ta fito iri ɗaya. A 2010 Amurka ta gwada kan masu cikin fari kimanin dubu 10, haka dai. Saboda haka a 2011 OMS ta ce kada a ba da bitamin C da E don rigakafin wannan cuta.

Masana na ganin dalilin shi ne, asalin ɓarnar ginin jijiyoyi ne da ya karkace tun farkon ciki, tsatsar kuma zobe ɗaya ce cikin sarƙa mai tsawo. Ga shi kuma jiki da kansa yana amfani da ɗan tartsatsi wajen kai saƙo. In rufin kwano ya riga ya huje, shafa fenti ba ya hana yoyo. To, in ƙwayoyin da aka auna aka haɗa a manyan asibitocin duniya sun kasa, ina ga waɗanda suka wuni cikin ranar kasuwa a kan tire?

Sai dai a kiyaye: wannan magana ba ta shafi ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mata wurin awon ciki ba. Waɗannan aikinsu daban ne, amfaninsu tabbatacce ne, kada a bar shan su.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Na farko awo. Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima, amma ban da kimar hawan jini: wata ba ta kumbura ko kaɗan, jininta kuwa ya kai 17. Tun 2016 OMS ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko kafin wata uku su cika. A Nijar an ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, na awon ciki a 2006. Kowane zuwa a auna tansiyo, a rubuta cikin karne, a duba fitsari.

Na biyu kalsiyom, sinadarin ƙashi. Inda abinci ba shi da shi sosai, OMS ta ba da shawarar giram 1,5 zuwa 2 a rana, kuma gwajin da aka yi a Indiya da Tanzaniya, wanda ya fito a 2024, ya nuna ko miligiram 500 na tare cutar daidai da babban awon. Nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi duk suna ɗauke da shi, kuma babu wanda ya gagari kasuwannin Tagazar da Kurfai.

Na uku ɗan ƙaramin asfirin, miligiram 75 a rana, ga matan da likita ya ga suna cikin haɗari, a fara kafin mako 20. Wani gwaji na 2017 da aka yi da miligiram 150 ya rage cutar mai zuwa da wuri da kashi 62 cikin 100. Amma wannan hukuncin likita ne. Babban asfirin na ciwon kai da ke kan tire yana iya jawo ma mai ciki zubar jini.

Na huɗu allurar silfat na magneziyom. Gwajin da aka yi a ƙasashe 33 kan mata fiye da dubu 10, wanda ya fito a 2002, ya nuna tana rage jijjiga da kashi 58 cikin 100. Maƙwabta ma sun shaida: da aka shigar da ita asibitoci 10 na jahar Kano a 2008, mutuwar masu wannan cuta ta sauko daga kashi 20,9 zuwa 2,3 cikin 100. Allura ce mai araha. Tare da ita ana ba da maganin saukar da jini, sa'annan in cuta ta tsananta a fidda ɗa da mabiyiya, ko da tiyata ne, domin fitar mabiyiya ita ce ke kashe wutar daga tushe.

Ko bayan haihuwa ba a saki jiki ba, jijjiga na iya zuwa cikin kwanakin jego, musamman makon farko. A nan mutanen Dallol Boso, ƙasar kanwa, su lura: kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Wadda jininta ya hau, a tambayi likita kafin a dama mata. Kuma ta riƙa awon tansiyo iyakar rayuwarta, domin haɗarin hawan jini da ciwon zuciya ya ƙaru gare ta.

Rabon maigida

Daga Baleyara zuwa Yamai, inda babbar matanite ta Isaka Gazobi take, kusan kilomita 100 ne, kuma rashin tsaron da ya addabi jahar Tilaberi ya ƙara ma tafiyar dare wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhu sai ya ga awo, da ma'aikacin da ba ya sa hannu sai ya karanta takarda, bai kamata su bar cikin iyalinsu ga kintace ba. Maigida ya buɗe karne ya ga ko an rubuta lambar tansiyo. In ba a rubuta ba, ya tambaya. Tun ciki na wata shida ya ware kuɗin mota, ya san direban da zai tada cikin dare, ya bar izini a gida cewa ko ba ya nan a tafi da ita. In za ta goyon ciki, ya gaya ma surukai alamomin da ba a kwana da su: ciwon kai da ya ƙi sauka, gani dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a bakin ciki, kumburin fuska da hannuwa, ƙarancin fitsari, sarƙewar numfashi, ko ɗa ya rage motsi. Makarantun mazaje da aka fara a jahar Damagaram sun nuna cewa in maza suka sa baki, mata na zuwa awo.

In kuwa ƙaddara ta sa ta faɗi, a kwantar da ita bisa gefen hagu, a kawar da wuta da duk abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura mata kome, domin ruwan huhu yake tafiya. Kada a turara mata hayaƙi. A ɗauke ta nan take zuwa gidan likita mafi kusa, inda za a fara allura kafin a wuce da ita gaba. Addu'a ba ta da shamaki, ana yin ta cikin mota.

Su kuma hukumomi da wakilan jama'a, abin tambaya a kowace cibiyar lafiya daga Tabla har Filinge guda huɗu ne: na'urar awon tansiyo mai aiki, tsinken awon fitsari, allurar magneziyom da ba ta lalace ba, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki. 

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.